Tambayoyin Masu Karatu: Wariyar Launin Fata da Giɓin Arziki, Daga Amurka Zuwa Agege

Wasiƙu uku muka zaɓo a wannan fitowa, dukkansu daga Legas, kuma duk da cewa masu su ba su san juna ba, batu guda suke kewayawa, wato ko talaucin da ya fi yi wa wasu jinsin mutane katutu laifin kansu ne, ko kuwa akwai hannun doka da hukuma a ciki. Mun taƙaita wasiƙun saboda ƙarancin fili, mun kuma sakaya sunaye kamar yadda muka saba.

TAMBAYA TA FARKO

Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan kasuwa ne a Agege, muna da majalisa da muke zama bayan sallar isha'i, kuma gardama ta sarƙe a tsakaninmu a kan baƙaƙen fatar Amurka. Ƙanena ya tafi Houston da takardar aikin jinya kawai, ba shi da kowa a can, amma yau ya mallaki gida da mota, yana kuma yi wa iyayenmu aike. Shi ma ai baƙar fata ne. Bayan haka, baƙar fata ya mulki ƙasar har shekara takwas, kuma an daɗe da soke dokokin wariya. Shi ya sa nake cewa kukan da suke yi na cewa tsarin ƙasar ne ya danne su rashin zuciyar nema ne kawai. Wani abokina malamin makaranta ya ce ban san tarihi ba. Wane ne mai gaskiya a cikinmu?

Daga wani Alhaji, Agege

AMSA

Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya ƙara wa ƙanenka buɗi, ya sa ya gama da iyaye lafiya. Abin da ka faɗa game da shi ba abin musu ba ne, sai dai hukuncin da ka ɗora a kai ya fi ƙarfin hujjar. Kafin a kai ga wanda ya fi gaskiya, ya kamata a raba abubuwa biyu da gardamarku ta cakuɗa, wato abin da mutum yake samu a wata da kuma abin da ya mallaka. Albashi yana farawa ne ranar da aka ɗauki mutum aiki, dukiya kuwa, irin su gida da fili da hannun jari da ajiyar banki, a hankali ake tara ta, kuma tana wucewa daga hannun iyaye zuwa hannun 'ya'ya da jikoki.

Babban bankin Amurka yana binciken dukiyar iyalai duk bayan shekara uku. A binciken 2022, idan aka jera iyalan fararen fata daga mafi talauci zuwa mafi arziki aka ɗauki na tsakiya, abin da ya mallaka bayan an cire bashi ya kai kimanin dala 285,000, takwaransa baƙar fata kuwa dala 44,900 ya tashi da ita. A wajen kuɗin shiga, iyalin baƙar fata na tsakiya yana samun kimanin uku cikin biyar na abin da farar fata ke samu, amma da aka zo kan dukiya sai abin ya faɗo zuwa kusan ɗaya cikin shida. Da ƙiwuya ce matsalar, da giɓin nan biyu sun yi kusa da juna. Tazarar da ke tsakaninsu tana nuna cewa akwai wani abu da aka gada, ko kuma aka hana gada.

Lokacin da aka haramta bauta a 1865, bayin da aka 'yanta sun kusan kai miliyan 4, kuma hannu rabbana suka fita. A watan Janairun 1865 ɗin Janar William Sherman ya ba da umarni a yanka wa iyalansu eka 40 kowanne a gaɓar tekun kudu maso gabas, amma kafin shekarar ta ƙare shugaba Andrew Johnson ya warware umarnin, gonakin suka koma hannun iyayengijin da. A daidai wannan zamani wata doka ta 1862 tana mallaka wa wanda ya zauna ya noma fili eka 160 a yammacin ƙasar, kuma ta wannan hanya aka raba kimanin eka miliyan 270, mafi yawa ƙwarai ga fararen fata. Bankin da aka kafa a 1865 domin ajiyar 'yantattun bayi ya durƙushe a 1874 da guminsu a ciki. Inda kuma suka yi ta maza suka tara abin kansu, kamar unguwar Greenwood ta birnin Tulsa, gungun fararen fata sun ƙone ta ƙurmus a 1921.

A ganina, ɓarnar da ta fi daɗewa tana ci ita ce wadda aka yi a ofis da taswira da alƙalami, ba tare da an ɗaga wa kowa bulala ba. A shekarun 1930, bayan karayar tattalin arzikin duniya, gwamnatin tarayya ta shiga harkar bashin sayen gida, ta yadda ma'aikaci zai ba da kafin alƙalami ya biya sauran a tsawon shekaru. Wata hukuma da aka kafa a 1933 ta zana taswirar birane fiye da 200, ta kasa unguwanni gida huɗu, ta shafa wa waɗanda ta ɗauka masu haɗari jan launi, kuma da wuya ka sami unguwar baƙaƙen fata da ba ta faɗa cikin jan ba. Hukumar gidaje ta tarayya da ta biyo baya a 1934, wadda ke tsaya wa masu karɓar bashi a banki, ta guji irin waɗannan unguwanni, har littafin ƙa'idojinta ya ƙarfafa a rubuta a takardar gida cewa ba za a sayar wa wani jinsi dabam ba. A Levittown, kusa da birnin New York, an sayar da sababbin gidaje a kan kimanin dala 8,000 a ƙarshen shekarun 1940, ba a kuma yarda baƙar fata ya saya ba ko da ya zo da kuɗinsa a hannu. Yau kowane ɗaya daga cikin gidajen nan ya kai ɗaruruwan dubban daloli, kuma ribar ta zauna a zuriyar waɗanda aka bari suka saya. An yi wa sojojin da suka dawo daga Yaƙin Duniya na Biyu doka a 1944 ta tallafin karatu da rancen gida, sai dai an bar aiwatarwa a hannun bankuna da jami'an yanki, shi ya sa a jihar Mississippi, cikin rance fiye da 3,000 da gwamnati ta tsaya wa tsofaffin sojoji a 1947, biyu kacal suka je hannun baƙar fata. A Shikago kuwa, wanda banki ya juya wa baya sai ya faɗa hannun dillalai masu sayar da gida biya kaɗan-kaɗan, bisa sharaɗin cewa gidan bai zama nasa ba sai ya biya kuɗin ƙarshe, in ya kuskure wata guda a fitar da shi, abin da ya zuba ya bi ruwa.

Alhaji, kai ɗan kasuwa ne, ka san bambancin wanda ya gaji rumfa da wanda yake kasa kaya a bakin titi. Ko da yau an ce kowa yana iya neman rumfa, na farkon yana da jari da abokan cinikin mahaifinsa da abin jinginarwa idan zai karɓi bashi, na biyun kuwa jinya guda ko gobara guda ta isa ta mayar da shi farko. An haramta wariya a wuraren aiki da na jama'a a 1964, an kare 'yancin zaɓe a 1965, an hana wariya a harkar gidaje a 1968, amma babu ɗaya daga cikin dokokin nan da ta mayar wa wani gidan da aka hana kakansa saye. Har yau kusan uku cikin huɗu na iyalan fararen fata a gidan kansu suke zaune, na baƙaƙen fata kuwa ba su kai rabi ba. Tunda kuma kaso mai tsoka na kuɗin makarantun gwamnati a can daga harajin gidajen yanki yake fitowa, unguwar da gidajenta ba su da daraja takan tashi da makaranta mai rauni. Wannan ne abin da abokinka yake nufi, abu ne da ke ci gaba da aiki ko da babu ma'aikaci guda da ke ƙin baƙar fata a zuciyarsa.

Ita ma ta zuciyar ba ta ƙare ba. A wani bincike da aka wallafa a 2004, masana biyu, Marianne Bertrand da Sendhil Mullainathan, sun aika takardun neman aiki kusan 5,000 zuwa kamfanoni a Boston da Shikago, takardu masu ƙwarewa iri ɗaya, suna kawai aka bambanta. Masu sunan da aka saba ji a wurin fararen fata sun fi samun kira da kusan kashi 50 cikin ɗari. A 2011 kuma kamfanin ba da rancen gida na Countrywide ya amince a biya dala miliyan 335 domin kashe ƙarar da gwamnati ta shigar, cewa ya caji baƙaƙen fata da 'yan asalin Latin Amurka kuɗin ruwa da lada fiye da fararen fata masu matsayi irin nasu.

Game da ƙanenka, na yarda bai tafi da kuɗi ba, amma ya tafi da ilimin da iyalinku da ƙasar nan suka ɗauki nauyinsa, ya kuma tafi ne bayan an tace. Duk wanda ya taɓa ganin layin masu neman biza a ƙaramin ofishin jakadancin Amurka da ke titin Walter Carrington a Victoria Island ya san cewa ba kowa ke tsallakewa ba. Kusan shida cikin goma na manyan 'yan Najeriya mazauna Amurka suna da digiri, abin da ya kusan ninka na Amurkawa gaba ɗaya, alhali a nan gida masu digiri 'yan tsiraru ne. Idan ka gwada zaɓaɓɓun mutane da al'umma sukutum, mai ƙoƙarinta da mara lafiyarta da tsohonta, sakamakon awon sananne ne tun kafin a fara. Ka kuma tuna cewa ƙofar da ya shiga ba a buɗe take ba a da: dokar shige da fice ta 1924 ta fifita mutanen arewacin Turai, sai a 1965, cikin guguwar gwagwarmayar baƙaƙen fatar nan da ake kira malalata, aka sauya ta. Shi kansa Carrington da aka sa wa titin sunansa, jakadan Amurka a nan daga 1993 zuwa 1997, ɗaya ne daga cikinsu.

Maganar Barack Obama ba ta buƙatar dogon bayani. Arewa ta fitar da shugabannin ƙasa da dama, ta kuma fitar da Aliko Dangote, wanda ya fi kowa arziki a Afirka, amma babu mai hankalin da zai kafa hujja da wannan ya ce babu talauci a Sakkwato ko Jigawa. Abokinka ya fi ka kusa da gaskiya, ko da yake wasiƙa ta gaba za ta nuna cewa ɓangarenka ma yana da masana.

TAMBAYA TA BIYU

Malam, barka da aiki. Ina karatun tattalin arziki a wata jami'a a nan Legas. Wani malaminmu ya ce maganar wariya a cikin tsari ta zama abin da ake jingina wa kowace matsala, kuma akwai masana baƙar fata da ba su yarda da ita ba. A cewarsa rigimar ta talaka ce da mai kuɗi, launi ya rage tasiri, kuma ware wa wani jinsi gurabe a makarantu da ayyuka ba ya magance komai. Shin akwai ƙamshin gaskiya a maganarsa?

Daga wata ɗaliba, Yaba

AMSA

'Yata, Allah ya ba da sa'ar karatu. Akwai gaskiya a maganar malaminku fiye da ƙamshi, kuma wanda ya ƙi sauraronta ya cuci kansa. Thomas Sowell, masanin tattalin arziki baƙar fata da ya tashi a unguwar Harlem ta birnin New York, ya daɗe yana jayayya cewa bambancin sakamako tsakanin al'ummu ba ya zama hujjar wariya kai tsaye, domin shekarun mutane da wurin zamansu da irin sana'ar da suka gada da tarbiyyar gida duk suna da tasiri. Yakan kafa hujja da cewa talauci a cikin iyalan baƙaƙen fata ya sauko daga kashi 87 cikin ɗari a 1940 zuwa 47 a 1960, tun kafin dokokin 'yanci su zo. Masu ra'ayinsa sukan ƙara da cewa a 1965 kusan ɗaya cikin huɗu na jariran baƙaƙen fata ake haifa ba tare da aure ba, yau kuwa abin ya kusan kai bakwai cikin goma, kuma cewa a binciken 2022 da na ambata iyalan 'yan asalin Asiya sun zarce fararen fata dukiya. William Julius Wilson, masanin zamantakewa, shi ma baƙar fata, ta wata hanya ya bi: ya nuna cewa ƙaurar masana'antu daga tsakiyar birane tun shekarun 1970 ce ta raba maza marasa digiri da aikin da ke riƙe gida. Gaskiya ne kuma cewa idan ƙidayar kai za a yi, talakawa fararen fata sun fi talakawa baƙaƙe yawa a Amurka.

Sai dai akwai binciken da ya gwada maganar aji kai tsaye. A 2018 masanin tattalin arziki Raj Chetty da abokan aikinsa, tare da hukumar ƙidaya ta Amurka, sun bi diddigin yara kimanin miliyan 20 daga gidan iyaye har zuwa girma. Sun tarar cewa yaro namiji baƙar fata da ya tashi a gida mai samu daidai da na farar fata, ko da a unguwa ɗaya ne, yakan girma ya samu ƙasa da shi, kuma ɗan masu hali baƙar fata ya fi saurin gangarowa ƙasa. Da aji ne kaɗai, da hakan bai faru ba. Amma binciken ya kuma nuna cewa a tsakanin mata giɓin samu ya kusan ɓacewa idan iyaye matsayinsu ɗaya, sannan yara maza sun fi yin kyau a unguwannin da iyaye maza baƙaƙen fata suke zaune tare da iyalansu. Kowane ɓangare yana da abin ɗauka a nan, kuma wanda ya karanto miki rabi ya bar rabi bai yi miki adalci ba.

Ma'aunin da nake amfani da shi shi ne, duk wanda ya ce tsari ne, a nemi ya nuna dokar ko ƙa'idar, ya nuna hanyar da ta bi ta taɓa aljihun mutane, ya kuma nuna cewa sawunta yana nan har yau. A harkar gidaje an cika waɗannan sharuɗa sarai. A wasu wuraren abin ya fi sarƙaƙiya. Dokar fansho ta 1935 ba ta ambaci launi ba, amma ta cire ma'aikatan gona da masu aikatau, wanda hakan ya bar kusan biyu cikin uku na ma'aikata baƙaƙen fata a waje har zuwa shekarun 1950, kuma masana tarihi suna saɓani ko da gangan aka yi domin faranta wa 'yan majalisar kudu, ko kuwa wahalar karɓar haraji ce ta jawo. Dokar 1986 da ta sa hukuncin giram ɗaya na hodar ibilis mai ƙanƙara, wadda ta fi yawo a unguwannin baƙaƙe, daidai da na giram 100 na garinta, ta samu goyon bayan wasu 'yan majalisa baƙar fata da ke kukan halin da unguwanninsu suka shiga, amma ta cika gidajen yari da samarinsu, sai a 2010 aka rage tazarar zuwa 18. Niyya tana iya zama abin jayayya, wanda ya ɗauki nauyin kuwa sananne ne.

A kan magani, malaminku yana da ƙafar tsayawa. Afirka ta Kudu ta keɓe wa baƙaƙe kimanin kashi 7 cikin ɗari na ƙasarsu a dokar 1913, aka ƙara zuwa 13 a 1936. Mulkin wariya ya faɗi a 1994, aka kawo dokar ƙarfafa baƙaƙe a harkar kasuwanci a 2003, amma binciken filaye na gwamnati na 2017 ya nuna kashi 72 na gonakin da ke hannun ɗaiɗaikun mutane na fararen fata ne, waɗanda ba su kai ɗaya cikin goma na jama'a ba, kuma ƙorafin da ya fi yawa shi ne cewa 'yan tsiraru masu kusanci da mulki ne suka kwashi garaɓasar. A Amurka ma Kotun Ƙoli ta haramta duba launi wajen ɗaukar ɗalibai a jami'a a watan Yunin 2023. Ware gurbi yana amfanar wanda ya riga ya iso bakin ƙofar jami'a, ba ya kai wa ga wanda ya faɗi tun firamare. Shi ya sa na fi karkata ga abin da ke taɓa dukiyar kanta, kamar yadda garin Evanston na jihar Illinois ya fara a 2021 na ba wa waɗanda wariyar gidaje ta shafa dala 25,000 domin gida, ko jihar Connecticut da ke ajiye wa jaririn da aka haifa cikin talauci dala 3,200 har ya girma, ba tare da duba launinsa ba. Gazawar wani magani dalili ne na neman wani, ba ta nuna cewa babu ciwon.

TAMBAYA TA UKU

Malam, ina gaisuwa. Ni matashi ne, da ina acaba, da aka hana na koma ɗaukar kaya da ɗan saye da sayarwa a Mile 12. Ina jin ana ta maganar wariya a ƙasashen Turawa, sai na ce mu fa? Nan duk baƙaƙe ne, amma na sha zuwa neman ɗakin haya, da dillali ya ji sunana sai ya ce an riga an kama. Wani maƙwabcina a nan aka haifi mahaifinsa, amma ana ce masa ya koma jiharsu ya karɓo takardar indijin. Shin wannan ba ita ce wariyar ba?

Daga wani matashi, Mile 12

AMSA

Ɗana, Allah ya yi wa nemanka albarka. Legas ta san wariyar launi ta ainihi, kuma ba a nesa ba. Ikoyi da kake gani an keɓe ta ne domin Turawa, kuma ƙa'idar mulkin mallaka a zamanin Lugga ta nemi a bar fili na yadi 440 tsakanin mazaunin Bature da na ɗan ƙasa. A 1902 aka kafa rukunin likitocin gwamnati na Afirka ta Yamma aka rufe shi ga duk wanda ba Bature ba, ko da a Ingila ya yi karatu. Bankunan Turawa ba sa sakin rance ga 'yan kasuwar ƙasa, abin da ya sa wasu attajiran Legas suka kafa bankin National a 1933. A 1947 otal ɗin Bristol ya hana Ivor Cummings ɗaki saboda launinsa, alhali jami'i ne daga ofishin kula da ƙasashen mallaka a Landan, kuma hayaniyar da ta biyo baya ce ta tilasta wa gwamna Arthur Richards ya hana wariya a wuraren jama'a.

Abin da kake fuskanta yau ba na launi ba ne, na ƙabila ne da asali, amma aikinsa ya yi kama da wancan. Hausawa sun zauna a Agege tun zamanin fataucin goro da zuwan jirgin ƙasa, Obalende kuwa tarihinta haɗe yake da sojojin Hausa na zamanin Turawa, duk da haka takardar indijin tana bin asalin kakanni ne, ba ta duba inda aka haifi mutum ko inda yake biyan haraji. Da ita ake neman gurbin karatu da tallafi da aikin gwamnati, don haka maƙwabcinka yana iya zama baƙo a inda aka haife shi, kuma baƙo a garin da bai taɓa kwana ba. Wannan ya cika ma'aunin da na faɗa wa 'yar'uwarka ta Yaba, domin ƙa'idar a rubuce take kuma hanyar cutarwarta a fili take. Hana acaba da aka yi a ƙananan hukumomi shida a watan Yunin 2022 ya fi kama da dokar fansho ta Amurka: umarnin bai ambaci ƙabila ba, gwamnati ta kafa hujja da haɗura da aikata laifi, kuma ba ƙarya ba ne cewa ana samun su, amma kowa ya san waɗanda suka fi rasa abin yi.

Tushen abin ya fi Legas nisa. An buɗe makarantar sakandare ta CMS a nan a 1859, makarantar boko ta Ɗan Hausa a Kano sai a 1909, Kwalejin Katsina kuwa sai a farkon shekarun 1920, domin Turawa sun taƙaita shigar mishan ƙasashen sarakuna ba su kuma gina makarantun da za su maye gurbi ba. A ƙididdigar hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta 2019, talauci a jihar Legas kashi 4.5 ne cikin ɗari, a Sakkwato 87.7. Wannan tazara ce ta kawo ka Mile 12. Saboda ita aka shigar da tsarin raba daidai cikin kundin tsarin mulki tun 1979, kuma ina so Alhajinmu na Agege ya lura cewa hujjar da ɗan Arewa ke kare wannan tsari da ita, wato an bar mu a baya ne ba don mun fi kowa lalaci ba, ita ce hujjar da ya ƙi karɓa daga bakin baƙar fatar Amurka. Ba kuma zan ɓoye ba cewa hujjar Sowell ma tana cizonmu, domin an fi shekara sittin da samun 'yanci, 'yan Arewa sun daɗe a kan mulki, gwamnoninmu suna karɓar kaso duk wata, kuma ba Bature ne ya hana su gina azuzuwa ba.

Hausawa sun ce laifi tudu ne. Bayarabe ko Ibo da aka haifa a Sabon Garin Kano yana shan irin abin da maƙwabcinka ke sha a kan takardar nan. Sai a 1936 aka soke bauta gaba ɗaya a dokar Arewacin Najeriya, kuma har gobe akwai gidajen da ke fasa ba da aure idan bincike ya nuna kakan yaro bacucane ne ko daga rinji ya fito.

Game da dillalan gidaje, sashe na 42 na kundin tsarin mulkin 1999 ya hana a nuna wa ɗan ƙasa bambanci saboda ƙabila ko wurin asali ko addini, ko a cikin rubutun doka ko a yadda ake aiwatar da ita, sai dai lafazinsa a kan dokoki da ayyukan gwamnati yake, bai ambaci mai gidan haya ba. Saboda haka abin da ya fi amfani shi ne hujja. Ƙungiyarku ta kasuwa tana iya tura mutum biyu wurin dillali guda a rana guda, ɗaya Bahaushe ɗaya Bayarabe, su nemi ɗaki iri ɗaya da kuɗi iri ɗaya, a rubuta amsar da kowa ya samu, a maimaita a unguwanni da dama. Idan an tara sakamakon, sai a miƙa shi ga Sarkin Hausawan yankinku da kansila da ɗan majalisar jiha mai wakiltarku, a nemi a yi doka da ta shafi masu gidaje da dillalansu.